Kujerar da Na Yi da Jan Ok

Da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar Talata, ana gobe za a rufe gari saboda korona, mu uku ne a shagon katako na unguwar Sentul a ƙasar Maleshiya: ni, da Ankul mai shagon, da Dakta Nasiru wanda ya zo ɗaukata da motarsa. Na riga na ɗaure jakata, na rufe akwatin kayan aikina. Ankul tsoho ne daga Sinawan ƙasar, ba ya yawan magana. Ya shiga ciki ya jawo guntayen falanki guda biyar na katakon da ake kira jan ok, ya ce in tafi da su, kada hannuna ya mutu da zaman banza.

Kafin mu sa su a mota sai ya ce in tsaya. Ya yanki ɗan guntu kamar tsawon yatsa, ya tsoma kai ɗaya a kofin ruwa, ya sa bakinsa a ɗaya kan, ya hura. Kumfa ta taso a cikin ruwan. Ya dube ni ya yi magana da Turancinsa mai haɗe da Malayanci, Dakta ya fassara mini duk da na gane.

"Kawu, cewa yake katakon nan na cikin ɗaki ne. Kada ka kai shi inda ruwa yake."

Na ce na ji. A raina kuwa cewa na yi, shekara ashirin da biyu ina riƙe da zarto, yau ga tsoho yana koya mini katako da wasan kumfa. A wurinmu katako mai nauyi da tauri shi ne mai jure ruwa, haka na taso na gani a maɗaci da iroko. Na ɗauki falankan na zuba a but, muka tafi.

Kafin in kai ga abin da na yi da su, sai na bi zangon a jere, don ba na son labari mai tsalle.

Sunana Iliyasu, ana ce mini Ilu Kafinta. Rumfata tana 'Yan Katako a Na'ibawa. Zangona na farko a ƙasar Maleshiya shi ne Setapak, wata bakwai kafin wannan ranar. Wani ejan ne ya ce mini akwai makarantar koyon kayan ɗaki na zamani, ana karatu da safe, ana aiki da rana. Na sayar da injin yankana na biya shi. Da na iso sai na tarar makarantar ɗaki uku ce a saman wani shagon sayar da waya. Babu zarto ko ɗaya a ginin. Mutum ɗaya ne ke zama da littafin kiran suna, ka sa hannu ka sauka. Na kira ejan, wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

Na zauna a ɗaki ɗaya da samari biyar 'yan Kudu. Ba su cuce ni ba, amma ba ma jin juna sosai, kuma suna kirana Tsohon Soja saboda ina jera takalmana in ninke bargona. Kullum da rana sai an yi ruwa, in an ɗauke kuma sai gumi. Burodi kwana biyu yake yin fumfuna. Zartona da na zo da shi daga Kano ya yi tsatsa a mako ɗaya, a cikin akwati a rufe. Da ina da hankalin lura, wannan kaɗai ya isa ya gaya mini irin ƙasar da na zo. Abin da ke raina a lokacin shi ne matata Hadiza da yara huɗu, da abin da zan ce musu idan suka tambayi yadda karatu ke tafiya.

Zango na biyu shi ne Sentul. Wata Juma'a bayan an sauko, ina tafiya a ƙasa ba tare da na san inda za ni ba, sai na ji ƙarar injin yanka da ƙamshin garin katako. Na bi har ƙofar shagon. Ankul bai tambaye ni takarda ba. Ya miƙo mini katako biyu ya ce in haɗa su kusurwa. Na haɗa, ya sa babban yatsa ya shafa wurin haɗin, ya nuna mini benci, ya nuna mini wani ɗan ɗaki a sama inda zan riƙa kwana.

A nan na fara sanin jan ok. Daga Amurka ake kawo shi, a busar da shi a injin tun can. Launinsa ba ja ba ne sosai, ya fi kama da fatar gyaɗa. Yana da nauyi, yana da tauri, yana cin bakin zarto, kuma idan ka tsaya da injin a wuri ɗaya sai ya ƙone ya bar tabo. Idan ana yanka shi yana wani tsami-tsami kamar kullun da ya kwana. Ba a buga masa ƙusa sai an huda, in ba haka ba ya tsage. Amma idan ka goge shi da samfefa ka shafa masa launi, zanen jikinsa yana fitowa kamar an zana da hannu, ban taɓa ganin katako mai karɓar launi irinsa ba. Da shi muke yin teburin cin abinci, da kabad, da matakalar bene, da kujerun falo na gidajen masu hali, inda na'urar sanyi ke aiki dare da rana. Duk wannan na koya, na riƙe, domin bai saɓa wa abin da na sani ba.

A masallacin Juma'a na haɗu da Dakta. Bai gama digirin ba tukuna, amma kowa Dakta yake ce masa. Ya ji ina waya da Hausa ya tsaya, muka gaisa, aka bi dangi, sai ga shi mahaifinsa abokin yayana ne a Ɗambatta. Daga ranar ya koma ce mini Kawu. Da aka sanar za a rufe gari, kuma Ankul ya ce dole ya kulle shagon har da ɗakin sama, Dakta ne ya ce ba zai yiwu kawunsa ya kwana a titi ba.

Zango na uku shi ne hawa na sha huɗu a wani dogon gini a Setapak. Ɗaki biyu da falo da 'yar baranda. Aka ba ni ɗakin karatun Dakta. Matarsa Sa'adatu tana da tsohon ciki, na fari. Gaisuwarmu daga bayan labule take, ta ce Kawu ina kwana, in ce lafiya lau, ya jiki. Mahaifiyarta Hajiya Gambo ta riga ta samu biza za ta zo jego, sai aka rufe iyaka.

Kwana tara da kulle Sa'adatu ta haihu, mace. Ba a bar Dakta ya shiga ba, a mota ya jira. Suna kuwa ta waya aka yi, aka yanka ragon a Ɗambatta, mu muka ga hotonsa. Hajiya Gambo ta ce rufe iyaka bai hana wankan jego ba. Ta wayar bidiyo take tafiyar da komai, muryarta tana cika gidan: a tafasa ruwa a babbar tukunya, safe da yamma, kwana arba'in, a dama kunun kanwa, Dakta ya koma kwanan falo. Da ta ce sai an samo ganyen darbejiya, sai Dakta ya tuna wata Ba'indiya maƙwabciyarmu ta rataye irinsa a ƙofarta tun farkon cutar. Ya tambaye ta sau ɗaya. Daga nan duk bayan kwana biyu sai mu tarar da ɗauri a maƙale a hannun ƙofarmu, ba ta ko ƙwanƙwasawa.

Matsalar ita ce wurin zama. Kujerar roba ce a banɗakin, kuma da ta sha ruwan zafi sai ƙafafunta suka fara buɗewa. Ina falo na ji Hajiya Gambo tana cewa, da ƙarfin da ta san zan ji:

"Nasiru, kuna da kafinta a gida yana cin tuwo, kuna zaunar mini da 'ya a kan roba?"

Maganar ta shige ni, domin gaskiya ce. Kusan mako biyu ina cin abincin mutane ba na tsinana komai. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane a kowane gida, Dakta ne ke fita. In na ɗauki tsintsiya ya karɓe, in na nufi wanke-wanke ya ce haba Kawu. Ban taɓa zama nauyi a kan wani ba tun ina saurayi. Na tashi na jawo falankan Ankul.

Kwana uku na yi ina aikin a baranda, daga goma zuwa sha biyu kawai, don masu ginin sun hana bugu a sauran lokaci. Na haɗa falanki biyu da farin gam suka zama saman kujera. Na yanke ƙafa huɗu, inci tara-tara. Na huda kowane wuri kafin in buga ƙusa, kamar yadda aka koya mini. Ƙusar gama-gari ce, ita ke akwatina. Babu shagon fenti a buɗe, sai na goge ta da samfefa har ta yi santsi, na shafa mata man girki sau uku. Maganar Ankul ta zo mini a rai, ba zan ce ba ta zo ba. Na ɗaga kujerar na ji nauyinta a hannuna, na ce wannan ko a rafi aka jefa ta sai ta shekara.

Dakta ya nuna wa surukarsa a waya. Ta ce yauwa, yanzu ta ga kujera, ashe kafintan ba na ado ba ne. Ya sa hoton a zauren wayar ɗalibai Hausawa, mata uku suka ce su ma suna so. Sa'adatu ta yi godiya daga bayan labule, ta ce Allah ya ƙara wa hannu albarka. Kujerar ta shiga banɗakin ɗakinta, inda ƙafata ba za ta taɓa takawa ba.

A kwana na sha shida na jego na fita baranda shanya, sai idona ya kai kan wani guntu da na yar a lungu, da ƙusa a jikinsa. Na'urar sanyi ta mutanen sama tana ɗiga a daidai wurin. Guntun ya kumbura, bakinsa ya tsage, kuma kewayen ƙusar ya yi baƙi ƙirin kamar an zuba tawada. Na ɗauka na juya shi. Na shiga na ɗebo ruwa a kofi, na yanki sabon guntu kamar tsawon yatsa, na hura. Kumfa ta taso. Na ɗauki wani na tsayar da shi a faranti mai ɗan ruwa, na tafi na yi walaha. Kafin azahar samansa ya jiƙe.

Sai a lokacin na kalli bakin katakon da kyau. Ƙananan ramuka ne a jere, a buɗe, tun daga wannan kai har wancan, kamar ka kalli bakin rake. Taurin yana nan, amma ruwa yana bin cikinsa ya wuce. Ni kuma na yanke ƙafafun kujerar na tsayar da su a kan bakin ramukan, a ƙasan banɗaki, inda tafasasshen ruwa ke kwanciya sau biyu a rana. Katakon da aka busar a injin zai sha ya kumbura, ya tura haɗin. Farin gam ba ya jure ruwan zafi. Ƙusar ƙarfe kuma ga abin da take yi a hannuna. A kan wannan mai jego take zama, da bokitin ruwan zafi a gabanta.

Abin da ya kamata in yi ba ya buƙatar ilimi: in kira Dakta in ce ya fito da kujerar. Ban yi ba. Kwana goma sha biyu na yi ban yi ba, kuma zan faɗi dalilan kamar yadda suke. Na farko, yaya dattijo zai buɗi baki ya yi wa ɗan cikinsa maganar abin da matarsa ke zama a kai tana wanka. Na biyu, an riga an yabe ni a gaban jama'a, har da Hajiya Gambo. Na uku shi ne mafi muni: kujerar nan ita kaɗai ce abin da na ajiye a gidan a madadin tuwon da nake ci, idan ta zama aibu ban san da wace fuska zan ƙara miƙa hannu a faranti ba. Sai na koma lissafin kwanaki. Na ce saura ashirin da huɗu, katako mai tauri ne, zai kai.

Sau biyu na tambayi Dakta a kaikaice. Na ce kayan aikinmu dai lafiya ko. Ya ce lafiya lau Kawu, ai ka gama mana komai. Shi ruwa kawai yake kaiwa ƙofar banɗaki ya juyo, bai taɓa juya kujerar ya duba ba. Ni kuma na karɓi amsar na koma ɗaki. Kullum ƙarfe bakwai na safe da bayan la'asar ina zaune a bakin katifa ina sauraron ƙarar ruwa ta bango, sai ta tsaya nake iya numfashi sosai. Abinci ya daina yi mini daɗi. Hadiza ta ce a waya muryata ta canza, na ce zaman ɗaki ne.

A kwana na ashirin, bayan la'asar, Dakta ya fita cefane. Na ji wani abu ya faɗi, na ji bokiti ya gangara, sai shiru. Jaririyar ta fara kuka. Na fito na tsaya a tsakiyar falo, na ɗaga murya na ce lafiya dai. Sa'adatu ta amsa daga ciki.

"Lafiya lau, Kawu. Bokiti ne ya suɓuce."

Na ce to, Allah ya kiyaye. Na koma ɗaki. Na san ƙarar bokiti, na san ƙarar katako a kan tayil, shekara ashirin da biyu ina jin su. Na yarda da maganarta ne don ita nake so in ji.

A kwana na ashirin da bakwai Ankul ya kira ni da hantsi. Kamar kullum ya fara da tambayar ko na ci abinci, sudah makan, don haka suke gaisuwa. Sannan ya tambayi abin da na yi da katakon. Na gaya masa. Ya tambaya ruwan zafi ne ko na sanyi, na ce tafasasshe. Ya tambaya da me na haɗa, na ce gam da ƙusa. Ya faɗi wasu kalmomi da harshensu waɗanda ban nemi fassararsu ba. Sai ya tambaya ko na gaya wa mutanen gidan. Na ce tukuna. Ya kashe wayar.

Washegari, ana gobe azumi, da ƙarfe sha ɗaya, mai babur ɗin kai abinci ya kira daga ƙasa, don su kaɗai 'yan sanda ke bari su wuce shinge. Dakta ya sauka ya hawo da ƙunshin shinkafa uku na shagon mamak, wato ɗakin abincin Indiyawa Musulmi, da wani abu a naɗe cikin jarida. Ya kwance a falo. Kujerar tsuguno ce, tsohuwa, ta yi duhu, an yi ta da cengal, katakon ƙasar da suke yin jirgin ruwa da shi. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, da turakun katako aka haɗa ta. Daga baya na ji ita ce matar Ankul ta yi shekaru tana wanki a kai kafin ta rasu.

Dakta ya dube ta ya dube ni. Ya ce, "Kawu, me zai sa tsohon nan ya aiko mana kujera, alhali muna da wadda ta fi ta kyau?"

Ba jarumtakata ce ta buɗe bakina ba, kujerar Ankul ce. Na ce ya zauna. Na faɗa masa komai a jere, daga kumfar kofi har guntun baranda har ƙarar da na ji ranar da ya fita. Na ce ya shiga ya fito mini da aikina.

Ya fito da ita ya ajiye a gabana. Ƙafafun sun yi baƙi har rabi. Saman ya rabu a wurin gam, yatsa yana shiga. Kowace ƙusa ta zubar da baƙin hawaye a jikin katakon. Ƙafa ɗaya ta tsage daga wurin ƙusa ta fita daga mazauninta, an mayar da ita an ɗaure da ƙyallen atamfa, an zagaya sau da yawa, an ƙulle da kyau.

Dakta ya kalli ƙyallen, ya koma ciki. Na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, na ji tata. Da ya fito fuskarsa ta canza. Ya ce ranar nan kujerar ce ta kife da ita, ruwan ya zube mata a ƙauri har idon sawu. Kwana takwas tana shafa zuma tana rufewa da safa, tana ci gaba da zama a kan kujerar a karkace. Yanzu wurin ya fara ruwa.

Ya ɗauke ta zuwa asibitin unguwa, a lokacin da kowa ke gudun ƙofar asibiti. Ba a shiga da jarirai, sai aka miƙo mini yarinyar. Awa biyu na yi a falo da 'yar kwana ashirin da takwas a hannuna, kujerata tana gabana. Ban taɓa jin gajiya irin ta ranar ba, kuma ban ɗaga komai mai nauyi ba.

Da suka dawo an naɗe ƙafar. Likita ta ce an zo a kan gaɓa, amma tabo zai zauna. Na tsaya a bakin labule na ce Sa'adatu ta yafe mini, na san aibun kujerar tun kwana huɗu kafin ta faɗi. Na ɗauka za ta yi shiru. Sai ta ce:

"Kawu, don Allah kada ka sa wa ranka. Ina kallonka ta taga kwana uku kana yin ta a cikin rana. Da na faɗa, da ka tattara kayanka ka bar gidan nan, kuma ina za ka a wannan kullen?"

Abin da na yi niyyar yi ke nan. Akwatina ma a ɗaure yake tun da suka fita.

Hajiya Gambo ba ta raga wa kowa ba. Ta ce mutum uku a gida ɗaya, kowa yana jin kunyar kowa, 'yarta tana ƙonewa a tsakiya. Ta ce wa Dakta digirin da bai koya wa mutum juya kujera ya duba ƙasanta ba, a mayar wa gwamnati abinta. Ni kuma ta ce a gaishe da kafintan ƙasar waje, kuma kada in kuskura in bar gidan, in zauna in ga tabon kullum, shi ne hukuncina. Tabon dai ban taɓa ganinsa ba, amma na zauna. Na yi azumin a gidan, aka ƙarasa arba'in a kan kujerar Ankul, da ruwa mai ɗumi, ƙafa ɗaya a waje. Matan nan uku da suka ce suna so, na sa Dakta ya rubuta musu gaskiyar abin da ya faru, da sunana.

Zango na ƙarshe gajere ne. Da aka sassauta kulle na koma Sentul. Na tarar da kofin ruwa a kan bencina da guntaye biyu, jan ok da farin ok. Na hura na farko, kumfa ta taso. Na hura na biyu har kunnena ya yi zafi, babu komai, don shi ramukansa a toshe suke. Ankul ya ce boleh, wato ya yi, ya miƙo mini aikin ranar. Na ƙara shekara guda a wurinsa, har aka sake rufe gari, aiki ya tsaya, takardar makarantar bogin nan ta ƙare. Dakta da abokansa suka yi ta zirga-zirga har aka daidaita mini hanyar dawowa. Ankul ya ƙi karɓar kujerarsa. Har na baro ƙasar tana yawo a gidajen Hausawan Setapak, duk wadda ta haihu a aika mata.

Ni tawa na ɗauko. Na bar riguna biyu a can don ta samu wuri a jaka. Tana rataye a rumfata a Na'ibawa da ƙyallen atamfar a jikinta, ban kwance ba. Ban dawo da takardar shaida ba, ban dawo da injin da na sayar ba. Idan mai saye ya tambayi ta mece ce, ina sauke ta in ba shi labarin, ko da yana sauri.

Yanzu jan ok yana shigowa kasuwanninmu a cikin tsofaffin kayan ɗaki na gwanjo, ana farfasa su ana sake aiki, kuma ina ganin masu saye suna ɗaga shi suna yaba nauyinsa kamar yadda na yi. Ka yi tebur da shi, ka yi gado, ka yi kabad, zai yi maka shekaru. Amma roƙona gare ka mai karatu shi ne wannan. Idan akwai kujera a banɗakin gidanka, ko a wurin wanke-wanke, ko inda tsohuwarka ke zama tana alwala, ka tashi yau ka juya ta ka duba ƙafafun da idonka, kada ka tambayi mai zama a kai, don za ta ce maka lafiya lau. Idan ka ga baƙi a wurin ƙusa, ko tsaga, ko ƙyalle a ɗaure, ka mayar wa wanda ya yi ta, ka gaya masa a fuskarsa ko da ya girme ka. Idan kuma ni na yi ta, rumfata ba ta ɓata, ka kawo mini.